Mai Gadin Jakunkuna a Lagdo

Tun ranar da Baaba ya ce kada ya sake ganin ƙafar Taufiƙ a ƙofar gidansa, Nasiha ba ta ƙara jin daɗin komai ba.

Ba wani laifi yaron ya yi ba. Sallama ya yi bayan la'asar, ya tsuguna har ƙasa ya yi gaisuwa, ya faɗi sunan mahaifinsa. Da Baaba ya ji masunta ne daga Lagdo, sai ya kawar da kai ya ci gaba da jan carbinsa.

"Kakana da atamfa ya shigo Garwa," in ji shi bayan yaron ya tafi, "ba da komar kamun kifi ba. Ki faɗa masa ya tsaya inda Allah ya ajiye shi."

Dada kuwa, mahaifiyarta, da lallashi take binta. "Ga Nasrullahi ɗan Kawunki na Mayo-Oulo, ya ce zai jira har ki gama jarrabawar bak. Ba dole muke miki ba, Nasiha, amma ki duba."

Ta duba. Duk inda ta duba Taufiƙ take gani.

Ajinsu ɗaya a lise, ajin ƙarshe na sakandare, ita tana da shekara sha takwas, shi ya ɗan girme ta. Da aka rufe musu ƙofar gida sai ya zamana ba su da wurin zance sai bakin famfon makaranta, ana turereniya ana jinsu. Ƙawayenta suka ce ai abin ya zo da sauƙi, tunda an hana shi zuwa, ita sai ta je. Nafisatu ce kan gaba wajen faɗin haka, aminiyarta tun suna firamare a Yelwa.

"Kowa haka yake yi, ma kopin, ƙawata. Ke kaɗai ce kike abu kamar wata tsohuwa."

Nasiha ta ce ba za ta iya ba. Ta sake cewa ba za ta iya ba. Ranar da Hadje, mahaifiyar Nafisatu, ta tare ta a hanya ta tambaye ta ko tare da 'yarta suka yi karatu jiya, ta kasa cewa e, ta kasa cewa a'a, sai ta sunkuyar da kai. Daga wannan sunkuyawar Nafisatu ta ɗauke jakarta ta canja benci.

Ba su daina yi mata magana gaba ɗaya ba. Aiki suka ba ta. Duk inda aka je, ita ce ake bar wa jaka. Har suna suka raɗa mata, Maigadi.

*

Ranar Asabar ɗin da aji ya fita yawon buɗe ido Lagdo, zafi ya fara tun kafin kar, bas ɗin da ta ɗauko su, ta haye gadar Binuwai. Madam Georgette, malamar jiyografi, ta zaga da su kan madatsar ruwan, ta nuna musu inda ruwa ke bi ya shayar da gonakin shinkafa, ta yi ta bayani tana share gumi. Da rana ta take sai ta ce kowa ya huta, kada a yi nisa, kada a shiga ruwa saboda dorina. Ta samu benci a wata rumfa ta kishingiɗa, ta rufe fuska da mayafi.

Abin da ake jira ke nan.

Bibbiyu suka fara zamewa. Kowace yarinya sai ta biyo ta gindin darbejiyar da Nasiha ke zaune, ta sauke jakarta, wayarta a ciki, don kada a kira daga gida a ji inda take.

"Maigadi, ga tawa."

"Maigadi, akwai turare a ciki, na san adadinsa," in ji Arlette, aka kwashe da dariya.

Nafisatu ce ta ƙarshe. Ta ajiye jakar ba ta dube ta ba, sai da ta juya sannan ta ce, "In Madam ta farka ki ce mun je sayen kifi. Au, na manta. Ba kya ƙarya."

Ta tafi. Bilya, saurayinta, yana jiranta a bakin hanya.

Nasiha ta buɗe littafin da ta zo da shi, amma layi ɗaya ta yi ta maimaitawa. Jeannette ce kaɗai ke zama da ita a irin wannan rana, ita ma ba ta shiga wannan harka, to an yi musu rasuwa a ƙauyensu na kan dutse, ba ta zo ba. Ruwan ya shimfiɗu har ƙarshen gani, duwatsu a tsakiyarsa kamar shanu sun kwanta. Hayaƙin bandar kifi yana tasowa daga bakin gaɓa. Can sai wata waya ta fara kuka a cikin tarin jakunkunan, ta yi ta yi har ta gaji. Wata wayar kuma ta fara. Ta san kukan wannan, ta Nafisatu ce, kuma ta san Hadje ce ke kira.

Ta rungume gwiwoyinta. Ita wayarta ba wanda ya kira.

"Nasiha."

Ta ɗago da sauri. Taufiƙ ne tsaye a kanta, rigarsa ta jiƙe da gumi, hannunsa ɗaya a cikin aljihu.

"Ina son magana da ke. Ba a nan ba."

"Ka ga kayan mutane a hannuna."

Ya waiga ya ƙwala wa wata dattijuwa kira, mai suyar kifi a ɗan nesa da su. Garinsu ne, kowa ya san shi. "Goggo, useko, don Allah ki sa mana ido a kan jakunkunan nan."

Tsohuwar ta ɗaga matsami alamar ta ji.

Nasiha ba ta taɓa barin gadinta ba. Ta dubi jakunkunan, ta dube shi. Rabon da su yi magana ba kunne a kusa har ta manta.

"Inda mutane suke," ta ce a hankali. "Ba zan je inda ba kowa ba."

"Na sani."

Ya wuce gaba tana binsa daga nesa, suka gangara har inda ake ɗaure kwalekwale. Wasu masunta na zaune suna gyaran raga, suna ganinsu amma ba sa jin abin da suke faɗa. Ta zauna a bakin wani kwalekwale da aka kife. Shi bai zauna ba. Ya fito da hannunsa daga aljihu, ya buɗe. Makulli ne, ɗaure da jan zare.

Ta dubi makullin, ta dube shi.

"Na ɗakin wani abokin Bilya ne," ya ce, idonsa a ƙasa. "Tun a cikin kar Bilya ya danƙa mini a gaban kowa."

"Sai ka karɓa."

"Ya zan yi? Suna ta ihu, suna buga kujera."

"Taufiƙ, mun yi wannan maganar. Ka ce ka yarda. Kai da bakinka ka ce har sai an ɗaura."

"Kuma ban canja ba. Wallahi ban canja ba, Nasiha, ki tsaya ki ji." Ya tsuguna a gabanta. "Ba abin da kike tsammani nake nema ba. Ko yatsanki ba zan taɓa ba. Ɗakin a bakin wani lungu yake, su Bilya suna zaune a shagon da ke kallonsa. Mu bi ta gabansu kawai, mu shiga lungun, mu ɓulle ta baya. Gidan yayata yana nan, da yaranta da kowa. Ki sha ruwa, ki yi azahar, mu dawo. Shi ke nan."

Ta daɗe tana kallonsa kafin ta gane.

"Don su ɗauka an yi."

"Don su ƙyale ni."

"Su ƙyale ka, ni kuma su ɗauke ni."

"Me zai rage ki? Ke kin san gaskiya, ni na sani, Allah ya sani."

"Garwa fa? Garwa ta sani?" Hawaye suka cika mata ido. "Kafin Litinin labarin ya kai kasuwa. Kafin Juma'a ya kai shagon Baaba. Ka san abin da zai ce? Zai ce ai dama na faɗa, ga abin da ɗan masunta ya zo nema. Kai ne za ka ba shi gaskiya da hannunka."

"Baabanki!" Ya miƙe zumbur. "Baabanki ya kore ni kamar kare, ban ce komai ba. Ɗan Mayo-Oulo yana shiga gidanku har tsakar gida, ana kawo masa fura, ni ina bakin famfo ina jiran ki ɗago ki dube ni. Na haƙura. A aji kuma kin san sunan da suke kirana? Liman. In na shigo sai su tashi su ce a gyara sahu. Jiya Bilya ya tambaye ni a gaban 'yan mata ko lafiyata ƙalau, ko a kai ni wurin mai magani. Kowa ya yi dariya, Nasiha. Har ƙawarki."

"Ni ma ai Maigadi ce."

"To ba ki gaji ba?"

Tambayar ta shige ta kamar ƙaya. Ta rufe fuska da mayafinta, kukan da take dannewa tun safe ya ƙwace.

"Na gaji," ta ce. "Wallahi na gaji. Kana tsammani daɗi nake ji in zauna da jakar mutane? Ina ganinsu suna raɗa suna dariya, in na matso sai a yi shiru. Nafisatu da muke cin abinci kwano ɗaya, yau ko kallona ba ta yi. In na koma gida Dada ta ce Nasrullahi, in na zo makaranta a ce Maigadi. Kai kaɗai ne nake tunawa in ji sanyi, in ce akwai mutum ɗaya da ya san ba girman kai ba ne, ba kuma don ba na sonka ba. Tsoron Allah nake ji, kuma ina so ranar da za a kai ni gidanka in shiga da kaina a sama. Yanzu kai ma ka zo ka ce in ba ka aron sunana ka je ka wanke naka."

"Ba haka nake nufi ba."

"To yaya kake nufi?"

Wani masunci ya ɗago ya dube su, ya mayar da kai kan ragarsa.

"Sau ɗaya ne," Taufiƙ ya ce, shi ma idonsa ya kaɗa. "Tafiya ce kawai. Ki taimake ni, Nasiha. Ban taɓa roƙonki komai ba."

Ta so ta ce to. Allah ya sani ta so. Ta hango yadda fuskarsa za ta washe, ta hango Nafisatu ta dawo bencinsu. Tafiya ce kawai, daga bakin lungu zuwa ƙarshensa. Har ta ɗora hannu a kan kwalekwalen za ta tashi.

Sai ta zauna.

"Ba zan iya ba."

"Ko don ni?"

"Ka mayar masa da makullinsa. Ka ce ni ce na ƙi, ka ɗora mini, na saba. Amma ba zan bi ta gabansu ba."

Ya tsaya yana kallonta kamar bai taɓa ganinta ba. Ya mayar da makullin aljihu, ya juya ya bi gefen ruwa, ba ta hanyar da suka zo ba. Ta kira sunansa sau ɗaya. Bai waiwayo ba.

*

Ta daɗe a wurin. Sai da kukan ya lafa ta gangara ta wanke fuska, ta yi alwala, ta roƙi wata mata tabarma ta yi sallah a bayan rumfar banda. Ba ta san lokaci ya ja haka ba sai da ta ji hon ɗin kar.

Da gudu ta hauro. Gindin darbejiyar wayam, ba jaka ko ɗaya.

"Sun kwashe, 'yata," in ji mai suyar kifi. "Sun tambaye ni ina kike, na ce kin tafi da Taufiƙ tun ɗazu."

Tsohuwar ta faɗa da zuciya ɗaya, tana juya kifinta.

Nasiha ce ta ƙarshen shiga. Mayafinta a jiƙe, idonta jawur, tana haki. Madam Georgette da ke kujerar gaba ta harare ta ta ce ta yi sauri ta zauna. Tana ɗaga ƙafa zuwa tsakiyar motar sai ihu ya tashi. Ana tafi, ana buga kujeru, wani yana fito da baki.

"Maigadi ta ajiye aiki!"

"Yau ba gadi!"

Ta tsaya cak, ba ta gane ba. Sai ga hannu ya kamo nata. Nafisatu ce, fuskarta cike da fara'a irin ta da, ta ture Arlette gefe ta buɗe mata wuri.

"Zo nan, ma kopin, zo ki zauna. Kai, dubi idonta! Kada ki damu, kowa sai da ya yi kukan nan." Ta jawo ta jikinta, ta miƙa mata ragowar lemonta mai sanyi. "Munafuka, ashe kina ciki kika bar mu muna ta zaginki. Na yi kewarki, wallahi. Gobe ki zo gida, akwai labarai da yawa."

Kar ta tashi.

Kafaɗar Nafisatu da ɗumi. Turarenta shi ne dai wanda suke saya tare a kasuwa. Arlette ta leƙo ta gyara mata mayafi, wata daga baya ta miƙo mata soyayyen kifi a takarda. Wata da watanni ba wanda ya miƙo mata komai sai jaka.

Ba abin da ake nema daga gare ta. Shiru kawai za ta yi. Ba ta bi ta lungu ba, ba ta yi ƙarya ba, ba ta ce komai ba. In ta kwantar da kai a kafaɗar nan har Garwa, shi ke nan ta dawo cikin mutane.

Ta waiga baya.

Taufiƙ yana kujerar ƙarshe a tsakiyar samari. Bilya ya rataya hannu a wuyansa yana kaɗa makullin a sama, jan zaren yana lilo. Ta zuba wa Taufiƙ ido tana jira. Yanzu zai ture hannun. Yanzu zai tashi ya ce ƙarya ne.

Ya juya yana kallon taga.

Lemon ya yi mata ɗaci a baki. Ta ajiye kwalbar, ta dafa kujerar gaba ta miƙe. Ita da ko a aji in an ce ta karanta sai muryarta ta shaƙe.

"Ban je ba," ta ce.

Ba wanda ya ji. Ta ƙara ɗaga murya.

"Ban je ko'ina ba. A bakin ruwa muka tsaya, a gaban masunta. Magana muka yi."

"Magana!" in ji Arlette. "Mu ma ai magana muka yi."

Motar ta sake ɗaukar dariya. Nafisatu ta ja gefen rigarta. "Ke zauna mana, Madam za ta ji. Wa ya tambaye ki?"

"Ku tambaye shi." Hawaye suna zuba, ba ta share ba. "Taufiƙ, don Allah ka faɗa musu. Don girman Allah."

Sai aka yi tsit. Kowa ya juya baya. Ba ka jin komai sai ƙugin inji da ƙarar tayoyi a kan tsakuwa.

Bilya ya zungure shi da gwiwar hannu. "To, Liman, ana magana. Ko dai in riƙe makullina in ba ka carbi?"

Taufiƙ ya ɗago. Idonsa ya haɗu da nata, ta ga tsoro a ciki, ta ga kunya, ta ga yaron da ya tsuguna a ƙofar gidansu. Leɓensa ya motsa.

Ya yi wani ɗan murmushi wanda ba ta san shi da shi ba.

"Ku ƙyale ta," ya ce. "Kunya take ji."

Ihun da ya biyo baya har Madam sai da ta juyo ta daka tsawa.

Nasiha ba ta ji tsawar ba. Ta zare rigarta daga hannun Nafisatu a hankali, ta fito daga tsakanin kujerun.

"Ina za ki?" Nafisatu ta ce. "Ke, ba wani wurin zama fa."

Gaskiya ne, babu. Ta taka zuwa gaba tana dafa kujeru, ta tsaya kusa da ƙofa, ta kama ƙarfen da hannu biyu, ta juya wa kowa baya. Kafin ta kai, Arlette ta riga ta matsa ta cike gurbin.

A tsaye ta yi tafiyar har Garwa.